Akwatin Takardun Honarabul Dauda

Ranar Juma'a aka yi satar, da rana tsaka, a daidai lokacin da duk namijin da ke da lafiya a unguwar yake masallaci. Da aka sakko, Alhaji Dauda Yalwa ya dawo gida riƙe da hannun maƙwabcinsa, don ya shekara uku ba ya gani. Ya lalubi ƙofar ɗakin takardunsa, sai hannunsa ya faɗa kan kwaɗo a karye yana lilo.

Ba a taɓa rediyo ba, ba a taɓa agogon bango ba, manyan rigunansa ma suna nan a rataye. Abu ɗaya ɓarawon ya ɗauka: wani koren akwatin ƙarfe da Alhaji ya dawo da shi daga Abuja, cike da kundin zaman majalisa na shekaru takwas da ya yi yana wakiltar yankin a majalisar tarayya. A ciki aka rubuta duk abin da ya faɗa a zaure da duk inda ya jefa ƙuri'arsa.

Kowa a Rano ya san dalilin da akwatin ya zama abin sata a wannan makon. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an kai wani ƙuduri majalisa na gina ƙananan madatsun ruwa don noman rani, kuma Zurgu da Saji da Dawaki duk suna cikin waɗanda za su samu. Yawancin ƙudurori da murya ake yanke su, a ce e ko a'a, ba wanda zai san bakin wa ya motsa. Wannan kuwa gardama ta yi zafi har aka ƙirga 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya aka rubuta sunaye, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a biyu. Bayan 'yan makonni labari ya iso gida cewa Honarabul Dauda na cikin waɗanda suka kayar da shi. Ya rantse ya kuma rantsewa cewa shi e ya ce, ba wanda ya saurare shi. A zaɓe na gaba ko akwatin ƙofar gidansa bai ci ba.

To, a farkon makon nan sai ya aika wa dattawa cewa ranar Lahadi su taru a zaurensa, za a buɗe kundin a karanta kowa ya ji. Saura kwana biyu sai ga shi babu akwati.

Kafin La'asar unguwa ta gama yanke hukunci. An ga sawun takalmin ruwa daga ƙofar ɗakin, ta cikin lambun bayan gida, har zuwa kan fa, shimfiɗaɗɗen dutsen nan da mata ke shanya a kai. A gindin fa ɗin aka tsinci takalman, kuma ba wanda bai san su ba: na Sagiru ne, direban Alhaji na shekara ashirin, da su yake wanke mota. Aka kuma tuna ba a gan shi a masallaci ba. Da ya dawo da mota samari suka yi caa a kansa, da ƙyar Mai unguwa Ɗanmalam ya ƙwace shi ya kulle a zaurensa. Ya roƙi mutane su ba shi zuwa La'asar ɗin Asabar, in ba a ga akwati ba shi da kansa zai miƙa Sagiru ga 'yan sanda. Sai ya sa aka kife ƙoƙuna a kan sawun, ya aika babur zuwa Saji a ɗauko Malam Mato.

*

Malam Mato tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga ya koma bin sawu. Sa ko tunkiya in sun ɓata tsakanin Rano da Kibiya, shi ake nema. Siririn tsoho ne mai tafiya kai a ƙasa, har matarsa kan ce da ƙafa yake gane mutane, fuska kuwa sai an tuna masa. Bai so zuwa ba ko kaɗan. Yana da gona a bakin rafin da aka ce za a datse, ya yi shekaru yana jiran ruwan da bai zo ba, har 'ya'yansa biyu suka gaji suka tafi Kano tuƙin adaidaita sahu. Tun lokacin bai ƙara gaida Alhaji Dauda ba, ko a wurin jana'iza suka haɗu sai ya kau da kai. Darajar Mai unguwa ce ta kawo shi.

Ya tsuguna a ƙofar ɗakin ya ɗaga ƙoƙon farko. An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa ta yi laushi, sawun ya fito raɗau. A bakin ƙofa takalman biyu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, suna fuskantar ɗaki. Ya leƙa ciki. Dardumar da Alhaji ke sallah a kai ta rufe ɗakin kusan duka, kuma ko ɗigon taɓo babu a kanta.

"An share ɗakin nan ne?" ya tambayi Mai unguwa.

"Ba wanda ya shiga tun da na zo."

Mato ya ɗauki kwaɗon ya juya shi. Ba a lanƙwasa shi da ƙarfe ba, dukansa aka yi da wani abu mai faɗin kai har ya saki. Ya jefa shi aljihu.

Alhaji Dauda na zaune a zaure, hannuwansa biyu a kan sanda. Ya rame ƙwarai, Mato ya lura da haka ba tare da ya ji tausayi ba.

"Malam Mato, na ji takunka. Sannu da zuwa."

"Yauwa, Honarabul. Wa ya san inda akwatin yake?"

"Duk gidan nan. Ai ba ɓoye shi nake ba."

"Wa kake zargi?"

"Ban zargi kowa ba. Amma ba Sagiru ba ne, na gaya musu sun ƙi ji. Ni yanzu ko rantsuwa na yi a garin nan ba ta da kasuwa."

"Me ke cikin kundin da zai sa a sace shi?"

Alhaji ya juyo da fuskarsa inda muryar Mato take. Sannan ya ce, "Gaskiya ce a ciki. Ka nemo min shi kafin Lahadi, don Allah."

Mato ya tashi yana cewa a ransa, duk ɗan siyasa haka yake faɗa. Magariba ta kawo jiki, haske ya yi ƙasa, ya bar sauran sawun zuwa safe.

*

Da safe wurin mai shayi ya fara zuwa, don mutum biyu sun raɗa masa sunan Jabiru. Jabiru sojan baka ne, irin masu shiga rediyo su yi wa 'yan siyasa tatas, kuma shekara da shekaru maganar madatsun nan ita ce abincinsa. An ji shi ranar Laraba yana cewa kundin nan ba zai ga Lahadi ba.

"Na faɗa, Baba, ba zan musa ba," in ji Jabiru yana kaɗa shayinsa. "Amma nufina shi Honarabul ɗin zai ɓatar da kayansa ya ce an sace. Ga shi kuwa an yi."

"Ina kake jiya da Azahar?"

"Sahu na biyu, bayan ladan. Tambayi kowa. Baba, ni fa duk garin nan ba wanda ya kai ni son a buɗe akwatin nan. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa ana cewa sharri ne. Na taɓa zuwa har Abuja neman takardar, aka yi ta wasa da ni daga wannan ofis zuwa wancan har kuɗin motata ya kusa ƙarewa na dawo. In na sace, me zan karanta ranar Lahadi?"

Mato ya kalli ƙafarsa. Takalmin kanti ne sau ciki mai igiya, ya ci baƙin mai yana ƙyalli.

"In ka shiga ɗakin mutum, kana cire wannan?"

Jabiru ya yi dariya. "In ɗakin surukina ne."

Mato ya sha ruwan zafinsa ya tashi. Wanda ya karya kwaɗo ya kuma tsaya cire takalmi don kada ya ɓata dardumar Alhaji, ba baƙo ba ne, ba kuma maƙiyi ba ne. Ɗan gida ne wanda ƙafarsa ta saba da ladabin ɗakin. Wannan ya wanke Jabiru, amma ya ƙara ɗaure Sagiru tamau, abin bai yi wa Mato daɗi ba.

*

Sagiru na zaune a kan tabarma a zauren Mai unguwa, leɓensa a kumbure. Dogo ne ƙwarai, ko a zaune ya kusa kai kafaɗar Mato. A waje matar Sagiru na tsaye da kwanon koko tun sassafe, ta kasa shiga ta kasa tafiya.

"Ina ka je jiya?"

"Kibiya, Baba Mato. Hajiya ce ta aike ni in kai wa ƙanwarta saƙo. A can na yi Juma'a."

"Wa ya gan ka?"

"Masallaci ne cike da mutane, ban san kowa ba. Ƙanwar Hajiya ma ban same ta ba, ta tafi biki Bunkure, na bar saƙon wurin maƙwabta."

"Takalmin naka ne?"

"Nawa ne. A bakin rijiya nake barin su kullum."

"Kai ka ɗauki akwatin?"

"Wallahi ban ɗauka ba."

"To wa ya ɗauka?"

Sagiru ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Mato ya shekara arba'in yana kallon mutanen da ake tuhuma, ya san shirun wanda bai sani ba, ya san na wanda ya sani. Wannan na biyun ne.

"Yaro, ka san abin da ke jiranka? In suka kai ka, ko an sake ka gobe, sunan ɓarawo ya zauna maka. Ba mai ƙara ba ka mabuɗin mota a ƙasar nan. 'Ya'yanka nawa?"

"Biyar."

"To?"

"Baba, na ci abincin gidan nan shekara ashirin. Ni dai ban ɗauka ba, iyakar abin da zan ce ke nan."

Mato ya ji haushi ya kama shi, ya fita bai yi sallama ba.

*

Aka yi masa iso cikin gida. Tani ya fara samu, dattijuwar da ke yi musu girki, tana tsince shinkafa a gindin bishiyar gwaiba. Ita ba sai an tambaye ta ba.

"Ni Malam ban ga komai ba, ina wurin inji. Hajiya ta ce in kai niƙan dawa, na ce Hajiya ga gari rabin buhu, ta ce in dai kai. Ranar Juma'a fa, mai inji ya tafi masallaci, na zauna zaman jiransa har aka sakko. Na dawo na tarar da gida a hargitse. Kuma don wulaƙanci ɓarawon har da taɓaryata, dubi yadda ya yi mata."

Ta miƙo taɓaryar. Kanta ya tsattsage, da tsatsa a cikin tsagar. Mato ya fito da kwaɗon ya gwada, ya ga shatin dukan ya yi daidai da kan taɓaryar, sai ya mayar aljihu. Direban da ke da ƙarfen cire taya a bayan mota, me zai kai shi madafa neman taɓarya?

Hajiya Khadijatu, matar Alhaji, daga bayan labule ta amsa gaisuwarsa. Ta ce kanta ke ciwo jiya, ta sha magani ta kwanta, ba ta ji komai ba sai hayaniyar mutane. Muryarta a daidai take, sai da ta zo ƙarshe ta tambaya, "Malam Mato, da gaske za su kai Sagiru?"

"Da La'asar, Hajiya."



Mato ya shiga lambu shi kaɗai yana ɗaga ƙoƙuna ɗaya bayan ɗaya. Takalmin babba ne, amma dunduniyarsa na jan ƙasa a kowane taku, kamar ƙafar da ke ciki tana iyo. Nauyin ya sauka daidai a dama da hagu, alamar kayan a ka aka ɗora su, ba a kafaɗa ba. Ya auna tsakanin taku da taku da hannunsa, ko kamu ɗaya bai cika ba.

A tsakiyar lambun akwai kwatar da ke kai ruwan wanke-wanke waje. Faɗinta bai fi kamu ɗaya da rabi ba, shi kansa da tsufansa ya tsallake ta bai sani ba. Sai da ya waiwayo ya ga sawun bai biyo shi ba. Mai takalmin ya zo bakin kwatar ya tsaya, ya juya hagu, ya bi gefenta taku goma sha biyu har inda aka ɗora wani katako, ya haye ta nan, sannan ya dawo kan hanya. Mato ya daɗe a tsaye yana kallon katakon nan.

Daga nan ya hau fa. An baza kuɓewa da barkono suna shan rana. Sawun silifa na mata ya cika gindin dutsen, masu zuwa da masu komawa, ba wanda zai kula da su. Mace da kaya a ka, an rufe da zane, ta nufi wurin shanya da rana tsaka: ko an hango ta daga nesa ba abin tambaya ba ne. A bayan fa ɗin akwai tsohon rumbun gidan da aka daina zuba hatsi. Yanar gizo ta rufe gefensa ko'ina, ban da bakin. Mato bai buɗe ba, ya koma wurin Mai unguwa ya ce a tara mutane.

*

Bayan Azahar zauren Alhaji ya cika. Mai unguwa da dattawa a gaba, Jabiru a gefe da wayarsa a hannu, samari sun toshe ƙofa. Aka kawo Sagiru. Tani da Hajiya suna bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, Mato ne ya roƙa su tsaya nan.

"Ni ba alƙali ba ne," in ji shi. "Abin da ƙasa ta nuna min zan nuna muku. Ku biyo ni lambu, amma kowa ya bi ta gefen katanga."

Ya sa Sagiru ya zura takalman, ya ɗora masa buhun masara a ka, ya ce ya tafi kan fa. Sagiru ya miƙe, taku ɗaya nasa ya haɗiye biyu na sawun jiya. Da ya zo kwata ko kallonta bai yi ba, ya wuce.

"Jabiru, bi shi."

Jabiru ya tsallake. Mai unguwa ma, da babbar rigarsa, ya tattare ya tsallake. Sai Mato ya ɗaga ƙoƙunan gefen kwatar ya nuna musu taku goma sha biyun nan zuwa katako.

"Mutumin da ya yi sata yana sauri, me zai sa ya zagaya abin da ɗan shekara saba'in ke tsallakewa? Mai wando ba ya zagaya kwatar nan. Wanda ya ɗaura zane ne ba ya iya buɗe ƙafa, ga kaya a ka, ga takalmin da ya fi ƙarfinsa. Tani tana wurin inji, mai inji ya shaida. Sagiru an aike shi Kibiya wurin wadda ba ta gari. Iyakar abin da ƙasa ta gaya min ke nan. Akwati kuma yana cikin rumbu, ban taɓa shi ba."

Aka koma zaure ba mai kallon wani. Mato ya zauna yana jin nauyin abin da ya yi, don tona asirin matar aure a gaban maza ba ƙaramin abu ba ne, ya kuma san da akwai wata hanya da ita zai bi. Amma La'asar ta kusa.

Muryar Hajiya Khadijatu ta fito daga bayan ƙofa.

"Ni ce. Ku saki Sagiru, ba ruwansa. Na ga takalmi a bakin rijiya na saka don a ce baƙo ne, wallahi ban kawo za a ce shi ne ba. Jiya na so in faɗa, bakina ya ƙi buɗuwa. Sagiru, ka yafe min."

"Ba komai, Hajiya," in ji Sagiru, hawaye na bin kumburarren leɓensa. "Tun da aka ce min ƙanwarki ta yi kwana uku da tafiya na gane."

Jabiru ya miƙe. "To ai magana ta fito! Me ake ɓoyewa in ba a'a ya ce ba?"

"Zauna, Jabiru," in ji Alhaji Dauda. Bai ɗaga murya ba. "A ɗauko akwatin. Kai ka iya Turanci, kai za ka karanta. Ba sai Lahadi ba."

"Alhaji, don Allah," in ji Hajiya.

"Khadijatu, ya isa haka. Na gode."

Aka kawo akwatin. Alhaji ya ce a nemi kundin shekara ta bakwai, akwai zare ja a shafin. Jabiru ya buɗe yana karantawa yana fassarawa. Ranar Litinin, Honarabul Dauda Yalwa ya tashi ya yi magana kan madatsun, ya ambaci Zurgu da Saji da Dawaki da sunayensu, ya ce matasansu na guduwa birni saboda rani wata bakwai ne babu aiki. Shafi uku maganarsa ta ci. Jabiru ya ɗan rage murya. Ya juya zuwa Talata, ranar ƙuri'a. Ya bi sunayen waɗanda suka ce a'a da yatsa har ƙasa, ya sake bi.

"Babu sunansa a nan."

Aka fara guna-guni. Ya bi na waɗanda suka ce e. Ya ɗago kai.

"Nan ma babu."

"Duba ƙasa," in ji Alhaji.

"Waɗanda ba sa zaure lokacin ƙirga." Jabiru ya ɗora yatsa a kan sunan. "Dauda Yalwa."

"To kun ji," in ji Alhaji. "Ban ce a'a ba, wannan ƙarya aka yi min. Amma ban ce e ba, wannan kuma ƙaryata ce, na shekara goma sha ɗaya ina yin ta har da rantsuwa. Ba don a wanke ni na kira ku ba. Na tsufa, ido ya tafi, ba na son in je gaban Allah da ita. Mutum biyu na shawo kansu za su bi ni, da suka ga kujerata ba kowa su ma suka zame. Da ina nan da an yi madatsun. Ku yafe min."

"Ina ka tafi?" Mato ne ya tambaya. Bai san sanda maganar ta fito ba, kuma da zafi ta fito, zafin gonarsa da 'ya'yansa biyu.

Sagiru ne ya ce, "Ni na tuƙa shi, Baba. Hajiya ta bugo waya daga asibiti, na shiga na aika masa takarda. Mun isa da minti kamar ashirin Humaira ta cika."

Daga bayan ƙofa aka ji kukan Hajiya. "Ni na kira shi. Likita ya ce in kira ubanta. Da ban kira ba da duk wannan bai same shi ba. Shi ya sa ya ƙi faɗa, don kada garin nan ya ce ni na hana su ruwa."

Mato ya tuna Humaira, 'yar autar Alhaji mai ciwon sikila, shekararta tara. Ya tuna safiyar da aka kawo ta daga Abuja: ranar aka yi ruwan shuka, mutane suka ajiye iri a gona suka zo jana'iza. Shi kansa ya kama makarar daga ƙofar gidan nan har maƙabarta. A nan ba wanda ke riƙe kwanan watan Bature, da ruwan shuka ake tuna ranar. Labarin ƙuri'a kuma sai da dawa ta kai gwiwa ya iso. Duk zauren nan sun bi gawar, ba wanda ya taɓa haɗa kwanakin biyu. Shi da ake ɗaukowa a babur don ya bi sawun tunkiya har Kibiya, bai taɓa tambayar inda mutumin nan ya taka ranar Talatar ba, ya dai kau da kai shekara goma sha ɗaya.

Mai unguwa ya gyara murya ya ce Sagiru ya tafi gida, matarsa na jira, kuma duk wanda ya sa masa hannu jiya ya same shi har gida ya ba shi haƙuri. Samarin ƙofa suka dare suka ba shi hanya. Jabiru ya rufe kundin a hankali, ya mayar da zaren ja inda yake, ya sa wayarsa a aljihu. Wani dattijo daga Zurgu ya tashi ya fita abinsa, don ba kowa ne zai huce a yini ɗaya ba.

Aka kira La'asar, mutane suka fara miƙewa. Mato ya kai bakin ƙofa, ya zura takalminsa ɗaya, sai ya tsaya. Ya cire shi, ya ajiye kusa da ɗan'uwansa, ya dawo ya durƙusa a gaban tsohon.

"Wane ne?" in ji Alhaji Dauda.

"Mato ne, Alhaji."

"Malam Mato. Ka gama aikinka, Allah ya saka."

"Saura ɗaya." Ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ya haƙurin Humaira?"

Alhaji ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ya riƙe hannun Mato bai saki ba har aka tayar da sallah.